Sallau Jikan Kada a Bakin Teku

Duk unguwarmu babu wanda bai san Sallau Jikan Kada ba. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, babu rago babu goro. Facin taya yake yi a bakin tasha, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a ƙarƙashin ruwa aka yanke masa cibiya. Wai kakansa a bayan kada yake tsallaka kogi ranar kasuwa. Wai shi da kansa ya taɓa nutsewa bayan azahar, bai ɗago ba sai da ya ji kiran la'asar, shi ma don kar jam'i ya wuce shi ne. Mu dai abin da muka gani da idonmu, in aka yi ruwan sama kwata ta cika, ta bayan masallaci Sallau yake zagayawa.

To bara ambaliya ta yi mana ɓarna. Bana sai aka kawo wa unguwa jirgin ruwa na ceto, mai inji, sabo fil, har da riga mai ƙyalli da usur. Mai Unguwa Tanimu ya zo majalisa ya ce a nemo wanda zai riƙe shi.

Sallau ya miƙe zumbur.

"A nemo? Ranka ya daɗe, ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Ina zaune a gabanka?"

Mai Unguwa ya dube shi ta saman tabarau.

"Sallau, shekara ashirin muna jin iyonka a kan bencin nan. Gani ya kori ji. Ranar da na gan ka cikin ruwa, jirgi naka ne."

Ana cikin haka sai dama ta faɗo. Ƙanin matarsa Larai, Injiniya Mudi, yana aiki a Legas. Ya aiko wa yayarsa ta kawo yara hutun makaranta, ya kama musu ɗaki a wani otal na manya a bakin teku. Yara biyu ne, Baffa ɗan shekara bakwai da ƙanwarsa Yasira. Ba a ambaci Sallau a gayyatar ba, amma ya bi su kamar jela. A majalisa kuwa cewa ya yi:

"Zan kai iyali su sha iska. Dama kogi ya yi mini kaɗan, in ina iyo gwiwata har ƙasa take bugu. Zan aiko muku da hoto daga tsakiyar teku."

Na ce, "Hoto? Ai yaran yanzu a waya suke ɗora mutum kan jirgin sama yana cin gyaɗa. A kira shi ta bidiyo, ido da ido, ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika."

Sallau ya harare ni.

"Ko da asuba ne ku kira."

Abin da ya faru a can, matata ta ji daga bakin Larai, ni kuma na ji daga bakin matata. Ka ga isnadi ya inganta.

Otal dai ya amsa sunansa. Gado in ka kwanta sai an miƙo maka hannu kafin ka tashi. Tawul an naɗe shi kamar tsuntsu, Yasira ta hana kowa goge jiki da shi, wai zai ji zafi. Abinci a jere reras, kowa ya ɗebi son ransa. Sallau ya yi sawu huɗu, ya dawo yana cewa bai cika son abincin otal ba. Da ya ga ƙaguwa a faranti ya ja da baya, ya ce su a gidansu ba a cin kunama ko da ta yi ƙiba. Duk ma'aikacin da ya wuce sai ya yi masa murmushi ya rusuna. Sallau ya taɓo Larai.

"Kin gani? Har nan labarina ya iso."

"Sosai ma, Baban Baffa. Ga shi can yana rusuna wa wancan yaron mai majina, shi ma labarinsa ya iso."

Sai aka fita bakin ruwa.

Wuuu... fau! Wuuu... fau!

Sallau ya tsaya cak. Ya sa hannu a goshi ya hanga gabas, ya hanga yamma. Ruwa ne har inda sama ta sauko.

"Larai, ina ɗaya gaɓar?"

"Ka haye ka gano mana."

Yara suka rirriƙe masa riga. "Baba shiga! Baba nutse mu gani!"

Ya ce baƙon ruwa ba a faɗa masa ranar farko, sai an saba. Kashegari ya ce Laraba ce, zuri'arsu ba sa taɓa ruwa ranar Laraba. Ranar Alhamis ya ce ya ci wake. Yara kuwa tuni sun zama kwaɗi. Otal ya ba kowane yaro robar iyo da ake hura wa iska a sa a ƙugu. Ta Yasira rawaya ce, mai kan agwagwa da jan baki, har barci take yi da ita.

Larai ta ce, "Gara da ba ka shiga ba. Yanzu da kifaye sun taso gaisuwa sun hana baƙi hutawa."

Ranar Juma'a da safe, Sallau ya fita yana zagaye, hannu a baya, kamar mai neman filin saye. Can sai ya ga wani lungu da aka tare da duwatsu, aka ja igiya, inda ƙananan yara suke wasa. Babu igiyar ruwa mai ƙarfi. Ya naɗe wando ya taka a hankali. Iya cinya. Ya waiga babu mai kallo, ya zauna daɓas a kan yashi. Ruwa ya zo masa wuya daidai wa daida.

"Alhamdu lillahi. Jirgi ya zo gida."

Ya samu Larai ya tsara mata. Ita za ta riƙe waya, fuska kawai za ta nuna da ruwan da ke bayansa. Kuma saboda tsaro, ba don tsoro ba, zai sa robar Yasira a ƙugu, tunda a ƙarƙashin ruwa za ta zauna.

"Robar 'yar shekara biyar? Da wannan tumbin?"

"Kawo man shafawarki."

Rabin kwalba aka ƙarar. Larai na ja ta ƙasa, Baffa na turawa ta sama, Sallau na nishi. Fuc! Agwagwa ta shige. Yasira ta fashe da kuka, aka toshe mata baki da askirim.

Mai tsaron wurin wani ƙato ne mai jan wando, yana zaune a kan doguwar kujera, ya ɗan iya Hausa. Ya ga babban mutum ya nufo da tawul ɗaure a ciki, kan agwagwa na leƙowa.

"Oga, nan wurin yara ne. Kuma da yamma ruwa yana tafiya."

Sallau ya yi dariya har da riƙe tawul.

"Yana tafiya ina? Unguwa? Kai, ni za ka koya wa ruwa? Ruwa sai rani yake janyewa, yanzu kuwa tsakiyar damina muke."

Ƙato ya ɗaga kafaɗa ya mayar da baƙin gilashinsa.

Bayan la'asar Sallau ya shiga. Wurin da ya zauna da safe yanzu ruwa iya ƙirji. Ya ɗan yi tsaki, ya ja gindi baya, ya ja, har bayansa ya taɓa igiya. Nan ruwa ya dawo wuya. Bayan igiya kuwa teku ce ta gaske, ko da kuɗi ba zai ƙara taku ɗaya ba. Ya danne kan agwagwa tsakanin cinyoyinsa.

A nan gida mun fi mutum talatin a gindin dalbejiya. Na buga. Sai ga kan Sallau a cikin waya, shi kaɗai kamar ƙwarya a kan ruwa, bayansa shuɗi har iyakar gani.

"Allahu akbar!" in ji majalisa.

Mai Unguwa ya gyara tabarau. "Sallau, kana ina haka?"

"Tsakiyar teku, ranka ya daɗe. Zurfin gaba goma sha biyu ne a ƙarƙashina. Yanzun nan wani kifi ya wuce, ya kai motar bas. Ya gane ni, ya kauce."

Ni fa na yi shekara bakwai ina bin motar shanu zuwa Legas. Na san teku tana da lokacin zuwa da lokacin komawa, kamar ma'aikacin gwamnati. Na kuma lura mai iyon nan kansa ko motsi ba ya yi. Sai na ce:

"Ranka ya daɗe, mutum yana uwa duniya, a tsakiyar ruwa, ai bai dace a yi masa gaisuwar jam'i ba. A bar kowa ya gaisa da shi."

Mai Unguwa ya ce wannan gaskiya ne.

Waya ta fara yawo hannu zuwa hannu. Ina gajiya. Ina iyali. Yaya baƙunta. Yaya ruwa. Yaya Injiniya. Yaya muka ji da zafi. Madalla. Na gaba ya karɓa ya faro daga farko. Wanda ya yi sauri sai in ce masa, "Haba, ko yaran ba ka tambaya ba." Da aka zo kan Baba Ilu, wanda kunnensa ya yi nauyi, sai da aka amsa masa "lafiya lau" sau tara, sannan ya tambaya wai da wa yake magana.

Can kuwa ruwa yana sulalewa. Ya sauka daga wuya zuwa kafaɗa. Sallau ya kishingiɗa a kan gwiwar hannu.

Muka ji muryar Larai ƙasa-ƙasa. "Baban Baffa, ruwanka fa yana tafiya unguwa."

"Matso da wayar! Fuska kawai!"

Liman ya karɓa ya ce a ɗaga hannu a yi wa matafiya addu'a. Liman ɗinmu kuwa in ya kama addu'a sai ya bi ta kan shugabanni, da marasa lafiya, da masu neman aure, da damina. Kafin a shafa, Sallau ya miƙe flat a rigingine, ruwa iya kunne.

Wani ya ce, "Jikan Kada, ya na ga kamar ka kwanta?"

"Iyon rigingine ke nan. Sai 'yan gado."

Waya ta dawo hannun Mai Unguwa. Tsohon ya girgiza kai, da alama abin ya shige shi.

"Kai, Sallau, ashe mun daɗe muna ɗaukar alhakinka. Fiye da awa guda a kan ruwa, ko haki babu. Jirgi ya zama naka."

Sallau ya washe baki. Mai Unguwa ya ci gaba:

"Sai dai ni ban taɓa ganin teku ba. Larai, 'yata, ɗan ja da baya ki nuna mana girmanta, mu ma mu ga ikon Allah."

"Larai!" in ji Sallau.

"Baban Baffa, Mai Unguwa ne fa da kansa. Ni wa da ƙin maganar manya?"

Ta ja baya. Taku uku. Taku shida. Don ladabi ta ƙara huɗu.



Ga Jikan Kada shimfiɗe a kan jiƙaƙƙen yashi, ruwan da ke kewaye da shi ko alwala ba zai isa ba sai an tara da hannu. Tumbi a sama yana ƙyallin mai. A tsakiyar tumbin, agwagwa rawaya ta ɗago kai tana kallonmu da jan bakinta. Gefensa wani jaririn Bature na zaune cikin kamfai yana cika bokiti da yashi.

Baba Ilu ya matso da ido. "Wannan wane irin kifi ne?"

Kafin kowa ya amsa, wata 'yar igiyar ruwa ta lallaɓo, irin wadda ko kaza ba za ta tsorata ba. Shaaa! Ta bi ta kan fuskar Sallau, gishiri ya shiga hanci.

"Wayyo Allah! Na nutse! Larai! Jama'a a cece ni! La'ilaha illallahu!"

Hannu na dukan yashi, ƙafa na harbin iska, fal-fal-fal. Jaririn Bature ya ɗauke bokitinsa ya matsa gefe. Ƙaton mai jan wando ya leƙo daga kan kujerarsa, ya duba, ya ci gaba da shan ruwan kwakwa.

Sai ga Yasira ta shigo cikin hoton, askirim a hannun hagu, ruwa iya idon sawunta. Ta kama wuyan agwagwa da hannun dama ta fizga.

"Baba, tashi mana! Za ka fasa mini ita!"

Sallau ya tashi zaune yana tari, yashi har cikin gemu.

A gindin dalbejiya kuwa benci biyu ne suka kife. Liman ya cusa rawani a baki. Mai shayi ya zuba wa wani madara a hula. Mai Unguwa ya cire tabarau ya daɗe yana goge hawaye, sannan ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, kun dai ga aikin ceto da idonku. Larai, shekarar yarinyar nan nawa?"

"Biyar, ranka ya daɗe."

"To a rufe jirgin da tamfol, a ajiye mata har ta girma. Uban kuma in ya dawo ya zo ya same ni. Dama muna neman wanda za a riƙa gwada ceto a kansa."