Gashin Bakin Oom Gysbert da Sarkin Furanni

"Ni Gysbert, ko sandar tsintsiya na soka a ƙasa sai ta yi ganye."

Da wannan cika bakin Oom Gysbert ya buɗe mana taro ranar kasuwar cocinmu ta shekara, yana tsaye gaban teburin fanke yana murza gashin baki. Abokina, in ba ka ga gashin bakin nan ba, ba ka ga komai ba a garinmu Sutherland. Shekara talatin da biyu yana kiwonsa. Kowane gefe ya miƙe ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, kullum safe sai an shafa masa kitsen wutsiyar tunkiya. Ni da nake askin tumakinsa duk shekara nakan ce tumakinsa dubu da ɗaya ne, ɗayar tana kwance ƙarƙashin hancinsa.

Abin da ya jawo maganar, matarsa Tannie Hendrina ce (mu nan Oom muke ce wa dattijo, dattijuwa kuma Tannie). 'Yar duwatsun bakin teku ce, aure ya kawo ta cikin sanyinmu. Ƙanwarta ta aiko mata da furen protea, babban nan mai faɗin faranti da ake kira sarkin furanni, ta ɗora a tebur tana shafawa. Ta ce, "Kaico, a nan ba ya fita. Sanyin garin nan ko dutse tsoronsa yake."

Nan take maigidan ya ce zai fitar da shi daga iri.

Yayanta Oom Wessel, wanda bai taɓa barin surukinsa ya sha ruwa da daɗi ba, ya ajiye kofin gahawa. "Suruki, kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?"

"Baɗi war haka zan kawo shi nan a tukunya, da ransa."

"In ba ka kawo ba fa?"

Oom Gysbert ya kama gashin bakinsa da hannu biyu. "Sarel ya aske wannan a gaban kowa, da almakashin tumaki."

Sarel ɗin ni ne. Fasto ya shaida, mata suka shaida. Tun daga ranar na soma wasa almakashi, don na san baki shi ke yanka wuya.

Aka aiko masa da iri goma sha biyu, 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, da takardar bayani. Takardar ta ce irin ba ya farkawa sai ya ji hayaƙi, domin a dajinsa bayan gobara yake tsirowa. Layin farko kawai Gwanin Tsintsiya ya karanta ya jefar da sauran.

"Hayaƙi? Sun zo gidan hayaƙi."

Ka san mu, in an ce hayaƙi, gashin nama muka sani. Ran Asabar ya tara mu, ya hura gawayi, ya jera haƙarƙarin rago da tsiran alade a kan waya, ya zuba iri shida a murfin gwangwani ya ɗora a tsakiyarsu. Kitse na ɗiga, wuta na tashi, shi kuma yana yi mana lacca kan ilimin tsirrai. Da aka sauke, Fasto ya miƙa hannu ya ɗauki biyu ya tauna.

"Gysbert, gyaɗar nan taka ta ƙone, ga gashi."

"Ranka ya daɗe, sarakuna biyu ka cinye."

Sauran sun zama gawayi. Tannie Hendrina ta share tokar.

Shidan da suka rage ya rataye su a bututun murhu kwana uku, sannan ya tashi shuka. Matar ta ce, "Gys, yashi yake so, yashi mai tsami mara komai. Taki kashe shi yake yi."

"Ji mace. Sarki ne fa. A ina kika taɓa ganin an kwantar da sarki a kan yashi?"

Ya sa aka kwaso masa takin garke, baƙi ƙirin, wanda ya shekara goma yana taruwa, ya barbaɗa garin ƙashi a kai, ya cika rabin ganga ya binne huɗu. Biyu kuma ya jefa a tukwanen yashi, wai don ya kunyata ta. Na cikin taki uku suka leƙo, suka ga irin liyafar da aka shirya musu, suka yi baƙi suka kwanta. Na yashi biyu suka fito tsaf.

Oom Wessel ya biyo ta shinge. "Suruki, ina 'ya'yan sarki?"

"Suna hutawa."

"Allah ya ji ƙansu."

Sai Yuli ta zo, tsakiyar hunturunmu ke nan. In ka kwana a garinmu a Yuli ka san zancen: famfo ya daskare, wanki a igiya ya zama katako, kare ma sai ya yi shawara kafin ya yi haushi. Wata safiya Oom Gysbert ya tarar da ganyen tsironsa ɗaya ya yi laushi. To, mu nan in ɗan rago ya faɗo cikin sanyi ya sandare, a aljihun ƙasa na murhun gawayi muke sa shi ya ji ɗumi ya farfaɗo. Haka kakanninmu suka yi, haka Likitan Furanni ya yi. Ya tura tukunya a aljihun murhu ya rufe, ya tafi duba shinge, bai gaya wa kowa ba. Ranar kuwa ranar gashin burodi ce. Tannie Hendrina ta cika murhu da gawayi har ƙarfe ya yi ja.

Da ya dawo ya jawo aljihun, sai tururi.

"Hendrina, kin dafa mini sarki."

"Da ka faɗa da na sa masa gishiri."

Saura ɗaya. Wannan kam ya naɗe tukunyar da ulu, ya ɗaure da igiya, ya kai rumfar marayun 'yan raguna, wai numfashinsu zai ɗumama shi. Ya ɗumama shi ƙwarai. Wani ɗan rago mai suna Minista ya matso ya shinshina, ya yi loma ɗaya, ya haɗa da ulun. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Wallahi a 'yan kwanakin nan na tausaya masa. Ya daina fitowa shan gahawa, gashin bakin ya sunkuyo kamar jiƙaƙƙen buhu. In ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Amma a Oktoba, da ɗumi ya dawo, sai ga wani abu kore ya ɓullo a rabin gangar takin nan. Oom Gysbert ya tuna iri huɗu ya binne, uku suka fito. Ga na huɗu ke nan. Ya cire shi da cokali ya sa a tukunya, ya kai ɗakin baƙi ya kulle, don kada idon Wessel ya kama shi. Abin ya ci taki ya sha ruwa, ya yi tsawo har ƙugu. Mutumin nan bai taɓa sunkuyawa ya cire ciyawa da hannunsa ba tun da aka haife shi, tabarau kuwa ya ce yana ɓata wa gashin baki kwarjini. Da matarsa ta leƙa ta taga ta ce, "Gys, anya?" sai ya ce hassada ce, ya ja labule.

Ranar kasuwa ya shigo da tukunya lulluɓe da zanen gado, gashin baki ya sha kitse yana ƙyalli. Ya sa aka kira mai hoto. Ya yaye zanen.

Kowa ya matso. Manoman ulu arba'in suna kallon boetebos, ƙarangiyar nan tamu da ke maƙale wa tumaki ta lalata ulu, wadda a da har tara ake ci in an gan ta a gonarka. Irinta cikin takin ya zo. Ga ta ta yi ƙiba, an ɗaura mata jan kirtani, 'ya'yanta sun nuna dam.

Oom Wessel ya cire hula. "Suruki, shekara hamsin ina yaƙi da ita, ban taɓa ganin wadda aka yi wa gata haka ba."

"Jahilci. Haka yake kafin ya yi fure. Ku ji ƙamshi ma."

Ya tsoma fuska a ciki ya ja numfashi. Da ya ɗago, tukunyar ta biyo shi. Ƙaya ta kama gefen dama na gashin bakin tun daga tushe. Ya sa hannu zai ɓanɓare, ta kama hannun riga. Ya juya, ta naɗe gefen hagu. Hawaye na zuba, yana zagaya teburin fanke da tukunya a ƙirji.

"Sarel, kana ina? Yanke, don Allah yanke!"

Ban taɓa askin da mai shi ya roƙe ni haka ba. Sau huɗu almakashi ya yi ƙara, shekara talatin da biyu suka zube a ƙasa. Leɓen da ya fito fari fat, ɗan ƙarami, har matarsa sai da ta ƙara dubawa.

Sannan Tannie Hendrina ta sunkuya ƙarƙashin teburinta ta ɗauko gwangwanin madara. A ciki ga ɗan tsiro tsawon yatsa, ganye mai kauri, jan kara. Protea na gaske. Ashe ranar gashin naman ƙwaya ɗaya ta gangaro gefen toka, ta sha hayaƙi ba ta ƙone ba. Da matar ta zo share tokar ta gan ta, ta sa ta a yashi jikin bango mai samun rana, in sanyi ya yi ta kifa mata tsohon kwando.

Oom Gysbert ya kai hannu zai murza abin da babu. Ya gyara murya.

"Kun gani ko? Irina ne. Ni na ba shi hayaƙi. Kawo shi nan, Hendrina, in kula da shi."

Ta janye gwangwanin ta rungume.

"Kul, Gys. Cikin goma sha biyun nan shi kaɗai ya rayu, don shi kaɗai ne ba ka san da zamansa ba."