Angon Koriya

Ƙanena ya nuna mini fim a waya: wata koriyar mace, shar kamar ganye, tana tuƙa jirgi tsakanin taurari, tana jibgar ƙarti, kanta ba ɗankwali. Na sha dariya, sannan tsoron zunubi ya kama ni.

Kwana uku ina tsara tambayata, har na tabbata babu gyara. Bayan la'asar, a gaban jama'a, na ce, "Allah shi gafarta Malam, koriyar mace mai tashi sama, halas ne in kalli gashinta?"

Kalmar fim kaɗai na manta.

Malam ya ja da baya. "Subhanallahi! Tun yaushe take zo maka?"

Kafin in gyara zance, mutum huɗu sun danne ni, ana tofi.

Har yau 'yan kabu-kabun Kebbe sukan ce, "Ango, ta sauko ko tana sama?"