Zunubina a Kunnen Direba

Shekarar da nake koyarwa a Isa, Fada, limamin cocinmu, ya yi wata biyar bai zo ba saboda 'yan bindiga sun hana hanya. Ni kuwa ina ɗauke da zunubi mai nauyi: zabuwar Alhajin da nake haya a gidansa ta shigo ɗakina, ta ƙare a tukunya.

Da aka ce Fada ya iso kuma kafin la'asar zai juya, na riga kowa shiga coci. Mako guda na yi ina haddar addu'ar tuba, har ina yi wa matata gorin ba ni buƙatar takarda. Na durƙusa gaban labulen da Fada ke zama a bayansa don sauraron masu tuba, ina gumi, na zayyana zancen zabuwa tsaf, na kama addu'a.

"Malam, dakata," in ji wata murya daga ciki.

Ban dakata ba, don in na tsaya haddar za ta zube. Na buga ƙirji, na kai ta har amin.

Aka ɗaga labule. Wani dattijo ne da tasbaha a hannu, yana hutawa a kujerar Fada.

"Allah shi gafarta muna baki ɗai. Ni Ummaru na, direban Fada. Fada ya zagaya." Ya ƙura mini ido. "Alhajin nan kuwa ƙanen uwata na."

Kwana uku ban iya gaida Alhaji ba.

Ummaru dai bai tona ni ba. Amma har yau in ya hango ni a tasha, sai ya ɗaga murya: "Malam, akwai sabon zunubi? Taho, kunnena buɗe yake!"