Layi Huɗu Ƙasa

Ran nan da la'asar mu huɗu ne a falon gidanmu na Gusau: ni, ɗana Sani, matarsa Hauwa, sai mahaifiyarta Hajiya Rabi da ta zo daga Tsafe.

Ban yi boko ba, amma na haddace hanyar tashar tafsiri. In na danna maɓallin da ke fito da jerin shirye-shirye, sai in sauka layi huɗu. Ban san Sani ya sake jera tashoshin ba.

Hauwa ta miƙo hannu za ta karɓi rimot. A gaban surukata? Na harare ta, na ƙirga huɗu da ƙarfi, na danna.

Sai ga ƙatti biyu daga su sai ɗan kamfai, suna kokawa.

Na ce, "Kowa ya natsu, talla ce. Malam na tafe."

Muka natsu har kusan magariba. Can Hajiya Rabi ta gyara mayafi ta ce, "Inna, a cikinsu wane na Malamin?"

Har yau in ta kira waya, sai ta tambayi lafiyar malamaina.

Washegari da safe na kulle falo, na bi jerin layi-layi ni kaɗai har na gano tafsirin a na tara. Amma sai da na koma na huɗu, don in ga wa ya yi kaye.