Takardar da Na Riƙe a Juye

Har na koma ga Allah ba zan manta da hantsin da Kulu, matar ƙanen mijina, ta shigo ina tankaɗen gero ba. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Yaya, kina nan zaune, Malam na can shina koya ma wata mace boko. Yau ma za a ba ta takardar shaida."

Shekarar da aka samu 'yancin kai ce, muna Kebbe, mijina, marigayi Malam, yana koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Sau uku na roƙe shi ya koya mini, sau uku yana cewa, "Mi mace za ta yi da boko?" Ashe akwai macen da za ta yi wani abu da shi, ni ce dai ban kai ba.

Ban tambayi Kulu wace ce ba. Ni da kaina na ƙera ta a zuciyata: doguwa, mai wushirya, mai tafiya da yanga (har turarenta sai da na ji). Na yafa zane, na fita ba izini, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni daga Tambuwal.

Na iske maza cike a gindin durumi, ga baƙo daga En'e, hukumar gargajiya, yana miƙa takardu. A gefe wata mace ta lulluɓe, ta ba ni baya, takarda a hannunta. Na fizge. Na ɗaga ta daidai fuskata, na tsuke baki ina gyaɗa kai, wai in nuna wa Kebbe duka ni ma ina karatu.

Matar ta juyo. Inna Delu ce, tsohuwar ungozoma, wadda ta yanke wa ɗiyata cibi. En'e ce ta ce a koya mata don ta riƙa rubuta haihuwa.

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce a hankali, "Ɗiyata, juya ta. Kan nata na ƙasa."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Malam bai ɗago kai ba.

Na koyi cewa kafin mutum ya yafa zane, ya fara tambayar shekarun wadda zai je wa. Amma ko da na ga furfurar Inna, kishin bai tafi ba. Takardar nake wa.

Malam bai yi mini faɗa ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Bayan kwana biyu ya ajiye littafin koyon karatu a kan tabarmata, ya ce, "Zamna." Kullum bayan la'asar muna yin kaɗan. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida, bai sake tashi ba.

Ɗiyata ce ta ƙarasa koya mini, da nata littafin. Nasa yana cikin adakata. A shafi na tara muka tsaya, ni da shi.