Akwatunan Mashkura

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar hanya? Wanga kaya hwa, lehen da ban yi miki ba kinka yo ma kanki?"

Malam Mainasara ne, daga kan tabarma, yana leƙen akwatunan katakon da ake shigowa da su gidansa a Goronyo. Jikarsa Mashkura, mai karatun zanen kayan ɗaki a Sakkwato, ita da 'yan ajinsu suka ƙera su. Tun da ciwon gwiwa ya kama tsohon, ya daina zaman zaure, don kada abokai su ga sai an ɗaga shi. Ta sani, shi ma ya san ta sani.

"Wa ka jiran lehe daga miji mai haƙori huɗu? Kujera ta."

"Kujera ba ƙahwa? Wanga ai akurkin kaji na."

"Kaji sun hi ka sanin abu mai kyau. Duba."

Ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta zura sanduna ta ramukan gefe, ta kafa na uku a baya. Ya miƙo wuya.

"Mi ar riƙe da su? Ban ga ƙusa ba."

"Junansu sunka riƙe. In ka jera su, gado na. In ka tsai da su, wurin aje littattahwai. In an yi baƙi, a raba kowa shi zauna."

"Jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba ɓera ba."

"Gani ya kori ji. Zauna, in ba tsoro ba."

"Tsoro? Ni da nika ƙetare gulbin Rima da buhun albasa bisa kai?"

"Bara buhu biyu kac ce. Ɗayan ruwa ya ci?"

Ya dafa kafaɗarta ya tashi daga tabarma, ya zauna a kan kujerar. Ya jijjiga, abin bai motsa ba. Sai ya kama sandunan ya miƙe shi kaɗai, ya zauna, ya sake miƙewa. Mashkura ta kau da kai tana gyara mayafi.

"Kai shi zaure," ya ce. "In abokaina su Sahabi sunka tambaya, ni na ƙera."

"Malaminmu na son hoton mai amfani da shi."

"To ɗauko min babbar riga, kar a ce mijinki tsumma na." Ya yi dariya har da tari. "Kin ci, ja'ira. Zabuwar can mai ƙwai, kama ta, taki ta."