Rasuwar Lamba Bakwai da Wanda Zai Haƙa Kabarinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙoran da na cije har suka yi tsami, ni Prisca Lombe, wadda mutanen garin Luanshya suka fi sani da Bana Kasonde, wato uwar Kasonde, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukan 'yan kulob ɗinmu na golf rasuwar sandata, Lamba Bakwai. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, a garejin Ba Lameck Shawa (a wurinmu "Ba" tamkar "Malam" ne). Ba ta yi jinya ba. Karya mata wuya aka yi.

Marigayiyar 'yar asali ce. Ƙirarriya ce, ba zubi ba, ƙarfe mai laushi da ya sha guduma har ya yi ladabi. Kanta kaɗai ya iso ƙasar nan, ba gangar jiki, kuma Ba Nkonde ne ya haɗa ta, tsohon maƙerin mahaƙar tagulla da ke gyaran sanduna a rumfar bayan kulob. Kowa ya san ni gajera ce. Shekara da shekaru ina jan sandunan da aka yi wa ƙattai, ƙwallona kullum sai ya karkace hagu ya shige ciyawa, mutane suna ce min in koma saƙa. Ba Nkonde ya auna ni daga wuyan hannu zuwa ƙasa kamar tela. Ya manna mata tef a tafin ƙafa, ya sa na buga ƙwallo a kan katako, ya duba inda tef ɗin ya goge, ya kwantar da wuyanta ɗan kaɗan, na sake bugawa. Haka muka wuni, ko ruwa bai sha ba. Da ƙwallo ya tafi ɗoɗar, sai ya ce, "Bana Kasonde, ba ke ce karkatacciya ba. Sandunan ne ba naki ba." Na juya baya na share hawaye da bakin zanina.

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Idan ta sami ƙwallo a tsakiya ba ta ihu irin na sandunan kanti, "tif" kawai take cewa, ƙasa-ƙasa, sai ka ga abu ya tashi sama. Idan kuwa na yi kuskure ba ta rufa min asiri, za ta ce "ƙwar", ta aiko min da zafi har yatsu. Ita ce ke tsallakar da ni tafkin da ke gaban ramin ƙarshe, tafkin da ya haɗiye ƙwallayen manyan mutane da mutuncinsu. Ba za a sake irinta ba, domin hannuwan Ba Nkonde yanzu rawa suke yi, ya tattara ya koma gida Mporokoso.

Ga yadda ajali ya zo. Ni da Ba Shawa ne muka kai wasan ƙarshe na kofin kulob, za mu kara ranar Asabar mai zuwa. Shi ɗan ƙabilar Ngoni ne, ni 'yar Bemba, ke nan taubashina ne, "mbuya" kamar yadda muke kiran juna, kuma tsakaninmu da su ba a fushi. Ya zage ka, ka yi dariya. Ya ɗauki abinka, ka yi dariya. Na sha cinye masa kaji, ya sha shanye min kunun munkoyo, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ranar Lahadi a gaban jama'a, ƙaton nan ya zura hannu cikin jakata ya zare ta.

"Mbuya, macin biri," in ji shi, "wannan ta fi ƙarfinki. Bari in kai ta gida ta ga yadda maza ke wasa."

"Ka dawo min da ita lafiya, macin ɓera," na ce, ina dariyar da ta tsaya a leɓe.

Wai ya ji an ce ƙirarren ƙarfe yana lanƙwasuwa. Shi kuma dogo ne kamar turken lantarki, don haka ya ga bari ya ɗaga wuyanta ta yi daidai da tsayinsa. Sandar da gwani ya wuni yana lallashi, shi ya matse ta a ƙarfen makanikai, ya zura mata bututun famfo, ya danna da dukan tuwon nshimar da ke cikinsa. Maƙwabciyarsa da ke shanya ta ce ta ji "ƙas". Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ke nan.

Da yamma ya kawo min ita gida biyu a cikin buhun garin masara, yana washe baki. "Mbuya, kayanku na Bemba ba ƙwari!" Wai tsautsayi ne. Tsautsayin da ya tsallake sanduna cike da jaka ya zaɓi wadda ke tsallake tafki, ana saura kwanaki mu kara? Allah ya isa tsakanina da kai, Shawa. Na faɗa, kuma a rubuce.

Na je wurin shugaban kulob, Ba Musonda, ya saurare ni yana sosa ƙeya. "Haba Bana Kasonde, wasan taubasai ai ba ya zuwa gaban kwamiti. Ki yi haƙuri." To, na yi haƙuri. Na kuma zauna na yi tunani.

Marigayiyar ta bar yayyenta biyu, Biyar da Shida, da ƙannenta Takwas da Tara, duk suna cikin jaka sun yi jugum. Shida ta ce za ta riƙe gidan, amma zafin kai gare ta, tana wuce rami ta faɗa daji. Takwas kuwa yarinyar kirki ce, sai dai numfashinta ba ya kaiwa ƙetaren tafki. Ta kuma bar ni, da wasan ƙarshe a gabana da hannu rabi.

Jana'iza za a yi ta bisa al'ada, ba ragi, tunda al'ada ce ta hana ni fushi. Idan an yi rasuwa a gidan Bemba, masu makoki ba sa ɗaga ko tsinke. 'Yan Ngoni ne ke girki, su ne ke haƙa kabari. Saboda haka matar Ba Shawa da ƙawayenta za su tuƙa nshima, su dafa ƙananan kifin kapenta da miyar ganye ta ifisashi. Ba Maseko, shi ma ɗan Ngoni, tsoho ne mai ciwon baya, iyalan mamaciya sun yafe masa. Namiji ɗan Ngoni da ya rage a kulob ɗin nan ɗaya ne tak.

Za a binne ta ranar Asabar da safe, a tudun jar ƙasar nan mai tsakuwa da ke bayan ramin ƙarshe, inda motar gyaran hanya ta taɓa barin haƙoranta. Marigayiyar babba ce, kabarin manya za a yi mata, sai kan mai haƙa ya ɓace duk tsayinsa. Na sayi sabuwar diga, ƙotarta ko gogewa ba a yi ba. Ba a haƙa kabari da safar hannu, wannan raini ne ga mamaci. Dattawanmu kuma sun riga sun aika wa Ba Shawa cewa idan ya ƙi, daga ranar babu ɗan Bemba da zai sake ɗaga shebur a makokin gidan Shawa. Ya amsa zai zo. An ce bai yi dariya ba.

Ni zan kasance a inuwa kan tabarma, cikin baƙin zani, ina kuka yadda ya kamata. Da an rufe kabari, kafin ya wanke hannu, za mu wuce kai tsaye wurin bugun farko na wasan ƙarshe.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da furanni. Duk wanda na kama ya miƙa masa filasta ko man shafawa, ni da shi har abada. Ina so in ga yadda zai riƙe sanda.